Katako a jikin bango: ko ya dace da gidan ƙauye a Tegidda-n-Tesumt?

Duk wanda ya taso daga Ingal ya yi arewa cikin filin Irhazer, tun kafin ya iso Tegidda-n-Tesumt zai lura itace ya ƙare. Sai ƴan kandili da tamat jefi-jefi a bakin ƙorama, sai tumfafiya, sai jar ƙasa shimfiɗe iyakar ganin ido. Garin kansa launin ƙasarsa gare shi: gajerun ɗakunan laka, ga kuma ɗaruruwan ramukan gishiri a gefe, inda ake jiƙa ƙasa mai gishiri, a tace ruwan, a bar wa rana sauran aikin. Sunan ma daga nan ya fito, domin tesumt da Buzanci gishiri ke nan.

A irin wannan wuri, maganar lulluɓe bangon gida da katako daga waje za ta iya ba mutum dariya. Amma hotunan ƙananan gidajen ƙauye na Turai da Kanada, masu bango na falankin katako jere reras, sun cika Facebook da TikTok, kuma cikin ƴan garin da suka samu abin hannu a Agadas, Arlit ko wuraren haƙar zinariya akwai masu marmarin su gyara ɗakin gado ko su gina na saukar baƙi a ƙauye, ya fita daban da na kowa. Kafin mutum ya zuba kuɗinsa a motar katako, ya kamata ya san abin da wannan lulluɓi yake yi a ƙasashen da aka ƙirƙiro shi, da abin da zai tarar idan ya iso ƙasar gishiri.

Abin da Faransawa ke kira bardage riga ce ake sa wa bango. Katakon bai ɗauki nauyin gini ba, aikinsa ya tare ruwan sama da iska. Ana kafa siraran sanduna a jikin bango, a buga falankai a kansu, a bar rata tsakanin katako da bango don iska ta riƙa ratsawa daga ƙasa zuwa sama tana busar da danshi. Ƙa'idar gini ta Faransa ta nemi ratar ta kai aƙalla santimita 2, kuma bakin katakon na ƙasa ya yi nisan santimita 20 daga doron ƙasa. A can babban abokin gaba shi ne ruɓewa, saboda ruwa na sauka kusan kowane wata. A jahar Agadas kuwa ruwan shekara guda da wuya ya kai milimita 200, kuma yakan zuba ne cikin ƴan makonni tsakanin Yuli da Satumba. Ruɓewa ba ita ce damuwa ta farko ba a nan. Damuwar ita ce bushewa, da rana, da gishiri, da gara.

Tsadar itace a wannan yanki tsohon labari ne. Ibn Battuta ya sauka a Takedda a 1353, garin da masu bincike da dama suka tsaya a kan cewa shi ne kufan Azelik da ke kusa da Tegidda. Ya ba da labarin yadda ake narka tagulla a yi ta sanda-sanda, masu kauri a sayi gero da man shanu da alkama, sirara kuma a sayi nama da itacen wuta. Ke nan shekaru sama da 600 da suka wuce, ko itacen girki sai an sa kuɗi. Gidajen garin kuma, a faɗarsa, na jan dutse ne. Maginan yankin sun koyi tattalin itace ne saboda dole: ana sa shi a rufi, a bakin ƙofa, a kan taga, shi ke nan. Hasumiyar babban masallacin Agadas, mai tsawon mita 27, wadda take cikin tsohon garin da UNESCO ta sa a jerin kayan tarihin duniya a 2013, laka ce zalla, sai sandunan goruba da suka ratsa ta suka leƙo waje. Heinrich Barth, Bajamushen da ya zo garin a 1850, ya ƙirga jeri 13 na waɗannan sanduna. Suna ɗaure ginin, kuma su ne matakalar masu yaɓe idan lokacin gyara ya yi.

Katakon kudu a iskar arewa

Kusan duk falankin da ake sayarwa a Nijar daga waje yake zuwa, daga dazuzzukan Najeriya, Benin, Ghana da Kodebuwa. Ana sauke shi a Yamai, inda har kasuwa guda ta ci sunan Katako, da Maraɗi da Damagaram da Tawa, daga nan ya hau hanyar Agadas. Tun da aka rufe iyakoki bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, hanyar wasu kayan ta ƙara tsawo, kuɗin mota kuma a kan mai saye yake ƙarewa. Wanda zai kai katako Tegidda sai ya ƙara da nisan Agadas zuwa Ingal, kimanin kilomita 160, sannan hanyar ƙasa wadda ba kowane direba ke son ta ba.

Matsalar da ta fi kuɗin mota ita ce ruwan da ke cikin katakon. Itace yana shan danshi daga iska, yana kuma mayar mata, har sai sun daidaita. A bakin teku, katakon da aka ce ya bushe yakan riƙe ruwa kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari na nauyinsa. A watannin hunturu da bazara na Agadas, lokacin da iska ke bushewa ƙayau, wannan ruwa yakan sauka zuwa wajen kashi 5. Yayin da ruwan ke fita katako yana tsukewa, kuma a faɗi yake tsukewa, tsawonsa kusan ba ya motsi. Falanki mai faɗin santimita 20 zai iya rasa rabin santimita ko fiye. Idan an buga shi da ƙusa biyu, ɗaya a kowane gefe, ba shi da wurin motsawa, sai ya tsage a tsakiya. Idan kuma an jera falankan baki da baki kawai, kafin shekara ta zagayo bangon ya zama haƙoran tsoho, rairayi na shiga ta kowace kafa.

Maganin wannan ba shi da tsada, haƙuri yake so. A sauke katako a inuwa, a jera shi hawa-hawa da ƴan sanduna a tsakani don iska ta ratsa, a ɗora nauyi a sama kada ya lanƙwashe, a bar shi makonni da dama a wurin da za a yi aikin, ba a Yamai ko Maraɗi ba. A zaɓi falanki siriri a faɗi, santimita 10 zuwa 12, mai kaurin santimita 2 ko sama, domin ƙaramin falanki motsinsa kaɗan ne. A jera su kowane ya hau kan bakin ɗan'uwansa, yadda ko sun tsuke ba za a ga rata ba, kuma ƙusa ta kama falanki guda kawai. Kafintan da ya ce a buga yau a gama gobe, gaggawar karɓar kuɗinsa yake yi.

Ja ko fari

A kasuwa, rabon da aka sani shi ne farin katako da jan katako. Farin, wanda akasari samba ne, shi ya fi araha, ga sauƙin aiki, ga rashin nauyi. Wurinsa cikin ɗaki: silin, kanta, allon zuba kankare. A waje ba ya daɗewa, gara na cinsa kamar tuwo, akwai kuma ƙananan ƙwari da ke huda shi su bar gari yana zuba. Sau da yawa da ƙwarin a ciki ake sayo shi. Duk falankin da aka ga ƴan huji kamar na allura a jikinsa, a bar wa mai shi.

Jan katako suna ne da ya tara itatuwa iri-iri, wasu nagari, wasu launin kawai gare su. Loko, wato iroko, yana cikin waɗanda suka fi jure rana da gara, kuma ba ya yawan motsi. Maɗaci yana biye, ko da yake yakan murɗe idan ba a busar da shi da kyau ba. Ƙirya, wadda masassaƙa ke yin turmi da ita, maƙera kuma ke neman gawayinta, ta fi su duka tauri, amma da wuya a same ta a falanki mai tsawo, ta fi dacewa da ginshiƙi da dokin ƙofa. Madobiya kyakkyawa ce, sai dai saran da aka yi mata a Afirka ta Yamma don kai wa Sin ya sa tun 2017 cinikinta tsakanin ƙasashe yake ƙarƙashin sa idon yarjejeniyar CITES, don haka mai saye ya tambayi takarda. A kowane irin itace, jan cikin ne mai ƙarfi. Farin da ke gefe, kusa da ɓawo, ko na loko ne, abincin ƙwari ne. Falankin da ke da farin layi a baki ɗaya, a yanke farin ko a rage masa kuɗi.

Akwai itatuwan da aka shuka a gida, dogon yaro da turare. Dogon yaro ƙwari ba su cika son sa ba, kuma babba idan aka samu yana ba da katako mai kyau na ƙofa da taga. Turare yana miƙewa sambal, shi ya sa ya zama sandar rufi a garuruwa da yawa, amma idan aka tsaga shi falanki yakan fashe ya murɗe wajen bushewa.

Giginya da goruba labarinsu daban. Ba a yanka su falanki, tsaga su ake yi, kuma saɓanin sauran itatuwa, ƙarfinsu a baya yake, cikin kuwa taushi gare shi. Azarar giginya, musamman ta namiji, gara ba ta iya mata, shi ya sa take shekaru aru-aru a rufin soraye. Iyakarta dai tsawo: maginan Hausa ba sa yarda ta tsallaka fiye da wajen mita 2 babu tallafi, abin da ya haifar da bakan gizo da ɗaurin guga. Wanda ke son bangon da ya yi kama da ƙasarsa zai iya jera tsagin giginya a tsaye a matsayin shinge mai ba da inuwa. Amma giginyar Nijar tana can kudu, mafi yawa a Dallol Mawri wajen Gaya, kuma ita da goruba da gawo da maɗaci suna cikin itatuwan da doka ta kare. Dokar gandun daji mai lamba 2004-040 ta 8 ga Yuni 2004 ita ke aiki, sara da jigila duka sai da izinin ma'aikatan gandun daji. Motar azara marar takarda tana iya ƙarewa a shingen bincike tun ba ta ga Abalak ba. Gorubar ƙoramun Abzin kuma ba ta da yawan da za a ce a sare ta don ado, ga mata masu saƙar tabarma da kabarta suke ci.

A intanet za a ci karo da wasu dabaru na waje: katakon da ake gasawa a tanda da zafin da ya kai wajen digiri 200 kamar yadda ake yi a Finlan, ko babbaka fuskar falanki irin na Japan. Na farkon ba ya yawan tsukewa, amma gashin bai hana gara ba. Na biyun baƙi ne wuluk, kuma baƙin bango a garin da zafi ke haura digiri 40 a watan Mayu ba abin so ba ne.

Abin da gishiri ke yi

A nan ne Tegidda ta bambanta da Ingal ko Agadas. Gishiri yana cikin ƙasa, yana cikin ƙurar da iska ke ɗauka, yana cikin ruwan da ake kwaɓa laka da shi. Shi kansa katako gishiri ba ya ruɓar da shi, yakan ma rage masa naman gwari. Illar tana zuwa ne idan ruwan gishiri ya shiga katako ya bushe, ya sake shiga ya sake bushewa. Ƙwayoyin gishirin suna girma a cikin zaren itacen suna tura shi, har fuskar katakon ta yi gashi-gashi kamar tsohuwar igiya. Wannan yakan faru ne a ƙasan bango, inda katako ya kusanci ƙasa. Santimita 20 ɗin Faransawa kaɗan ne a nan. Gara a ɗaga shi zuwa 30 ko 40, a bar dutse ya ɗauki wannan wahalar.

Ƙarfe kuwa ba ya samun sassauci. Gishiri yana janyo danshi ko da iska ba ta da yawansa, kuma ƙusa ta yau da kullum takan yi tsatsa, ta zubar da jan hawaye a jikin katako, ta kumbura ta tsaga shi, daga baya kanta ya gutsure. Itatuwa masu ɗaci irin na jima su ma suna cin baƙin ƙarfe, su bar baƙin tabo kewaye da kowace ƙusa. Abin da ya dace shi ne ƙusa ko sukurun ƙarfen da ba ya tsatsa, wanda masu shagon kayan gini ke kira inoks. Ya fi tsada nesa ba kusa ba, kuma ba a kowane shago ake samunsa ba, sai an yi odarsa tun da wuri. A jan katako mai tauri a fara huda da na'ura kafin a ɗaura, in ba haka ba bakin falankin zai tsage.

Sai kuma tambayar da masu kallon hoto ba sa yi: a jikin me za a buga? Bangon siminti yana riƙe sukuru. Bangon laka ba ya riƙewa, ƙusa takan yi ta motsi da iska har ta faɗaɗa raminta ta fito. Dole ko dai a binne guntayen katako mai ƙarfi a cikin bangon tun ana gini, ko a kafa ginshiƙai daban a gaban bangon, ƙafarsu a kan dutse, su ɗauki falankan. Na biyun ya fi aminci, domin iskar da ke zuwa gaban hadari tana iya ɓalle falanki ta tafi da guntun bango.

Ratar da ke bayan katakon ma sai an yi mata tunani. A Turai iska kawai ke bi ta ciki. A nan rairayi zai taru, kunama da ɓera za su samu ɗaki, gara kuma za ta gina hanyarta a jikin bango ba mai gani. Bangon laka tsirara yana da wannan alheri, duk abin da ya same shi a fili yake, mai gida ya gani ya yaɓe. Wanda ya rufe shi da katako ya rufe idonsa. Saboda haka a sa ragar waya a bakin ratar sama da ƙasa, a kuma ɗaura falankan ƙasa da sukuru yadda za a iya cire su a leƙa. Maganar gobara ma tana nan: a garin da ruwan sha kansa daga nesa ake kawo shi, kada a kusantar da bangon katako da murhu ko wurin ajiye mai.

Game da shafi, baƙin man mota da ake shafa wa sanduna yana korar gara na ɗan lokaci, amma guba ne, yana wari idan rana ta buga, yana ɓata tufafi, yana kuma ƙara wa wuta ƙarfi. Bai kamata a jikin ɗakin da yara ke jingina ba. Baranis mai sheƙi rana takan fasa shi cikin ɗan lokaci ya riƙa ɓarewa. Fenti mai haske ko man katako mai shiga jiki sun fi, da sharaɗin a shafa gaba da baya da bakin yanka kafin a buga, a kuma sabunta. Wanda ya bar katako haka nan, ya sani zai koma toka-toka, iskar hunturu mai rairayi kuma za ta riƙa goge shi a hankali.

Wane bango ne yake buƙata

Idan aka duba da kyau, ba duka bango huɗu ne ke shan wahala iri ɗaya ba. Hadarin damina daga gabas yake tasowa, ruwansa a karkace yake dukan bango, shi ya sa bangon gabas ke riga sauran zaizayewa. Bangon yamma kuma shi ke shan ranar la'asar, ya adana zafin ya sake shi cikin ɗaki da dare. A waɗannan fuskoki biyu ne lulluɓi zai iya biyan kuɗinsa: a gabas ya tare ruwa, a yamma ya yi inuwa. Na yamma ma ba ya buƙatar falanki a matse, shinge mai ƴan rata ya wadatar, irin aikin da zana da asabari suke yi tun kaka da kakanni a kan kuɗi kaɗan. Abin da bai kamata ba shi ne a rage kaurin laka don an sa katako. Sanyin ɗakin ƙasa daga kaurin bangonsa yake zuwa, falankin santimita 2 ba ya riƙe komai.

Lulluɓi kuma ba ya ceton ginin da gindinsa ke cikin ruwa. Ambaliyar da ta auka wa Agadas a farkon Satumba 2009 ta ƙasa ta ci gidaje, haka ruwan 2024 da ya kayar da tsohon masallacin Birni a Damagaram ya nuna abin da jiƙewa ke yi wa laka komai darajarta. Tushe na dutse, indararo mai tsawo da ke jefa ruwa nesa da bango, da gangara a kewayen ɗaki, su ne farko. Bayansu sai yaɓe mai kyau. Maginan kudu suna da makuba ta ɓawon ɗorawa, da laso da ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara, waɗanda suke tare ruwa ba tare da sun hana bango numfashi ba, saɓanin siminti da ke ɓamɓarewa daga laka ya tara danshi a bayansa.

Akwai ma hanyar da ta juya wa itace baya gaba ɗaya. Tun farkon shekarun 1980 aka fara koyar da gini marar itace a Cikal cikin yankin Filinge, daga baya a Iferwan, tare da ƙungiyar Development Workshop: rufin ƙubba da na baka da tubalin laka kawai, dabarar da aka ɗauko daga Nubiya ta ƙasar Masar. Dalilin shirin shi ne sandunan rufi suna ƙarewa a daji. Mai ginin da ya bi wannan hanya zai iya tattara ɗan katakon da ya saya ya zuba shi inda ido ke gani kuma hannu ke taɓawa, wato ƙofa, taga, rumfar gaba, da fuskar gabas idan ya ga dama.

Wanda duk da haka ya ƙuduri aniyar sa katako, lokaci na cikin lissafinsa. Da damina lakar Irhazer tana riƙe mota kwana da kwanaki, aikin gishiri ma yakan tsaya, mutane da yawa su koma Ingal. A kawo katako bayan an watse daga bikin shan gishiri na watan Satumba, idan hanya ta bushe, a bar shi ya sha iskar hunturu a inuwa, a buga shi wajen Fabrairu ko Maris lokacin da ya gama tsukewa. Tun da a bushe aka buga shi, a bar ƴar rata ta milimita 2 ko 3 a mahaɗar falankai, saboda zai ɗan kumbura idan ruwa ya sauka. Bayan damina ta farko a cire falankan ƙasa, a share rairayin da ya taru, a duba bango da fitila ko gara ta fara hanya.